Wanda Ya Taɓa Taka Libiya

Ɗan Tajaye da ya zama ɗan ƙasar Faransa yana iya ziyartar Amurka har kwana 90 ba tare da biza ba, izinin ESTA kawai zai nema. Amma in ya taka Libiya daga 1 ga Maris 2011 zuwa yau, wannan sassauci ya kuɓuce masa. Dokar 2015 ta shafi Iran, Iraƙi, Sudan da Siriya. A 2016 aka ƙara Libiya.

Ga mutumin Adar kuwa, Libiya wurin bida ce, ta hanyar Agadas. Can ƙanensa yake leburanci a Sabha. In ya je ɗauko shi da ciwo, doka ba ta san zumunci ba: sai ya nemi biza, ya zauna gaban jami'in jakadanci ya faɗi abin da ya kai shi.