Fitila mai bin umarni

Cikin shekaru kaɗan daren Mallawa ya canja launi. Mu da muka yi karatun dare gaban aci-bal-bal da fitilar ƙwai, muka kuma ga almajirai kewaye da wutar kara a tsangaya, mun taso da sanin cewa haske ja-ja ne, mai ɗumi. Fitilun sola da ake sayowa yanzu daga kasuwannin Maigatari da Magariya farare ne fat, har suna ɗaukar ido.

Wannan fari kuwa asalinsa shuɗi ne. Masana uku haifaffun Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka ƙera ƙwan LED shuɗi a farkon shekarun 1990, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Akan lulluɓe ƙwan da wani sinadari rawaya, sai hasken ya fito fari. Ma'aunin launin sunansa Kelbin: 2,700 mai taushi ne, ya yi kusa da hasken lagwani, 6,500 kuwa tamkar tsakar rana.

A Turai da Amurka, tun fitowar Philips Hue a 2012, mai gida kan rubuta wa fitilarsa umarni ta waya: da magariba ki yi rawaya, ƙarfe goma ki rage. Kada mai karatu ya ce wannan shagalin masu kuɗi ne. Fitilar solar da ke ƙofar masallaci ita ma umarni take bi. Idan wutar farantinta ta ja baya, ta san rana ta faɗi, sai ta kama. Bayan wasu sa'o'i ta dusashe domin tattalin batir. Wata ma, in mutum ya gifta, ta sake haskawa.

Abin da ke damuna shi ne wanda ya rubuta umarnin. Yana can wata masana'anta mai nisa, bai san yaranmu sai bayan isha suke buɗe littafi ba, bai san da asuba ake sake neman haske ba. Na sha ganin fitila ta dusashe dalibi na tsakiyar lissafi.

Saboda haka idan ƙungiyar iyaye za ta saya wa makaranta fitila, nakan ce a tambayi mai shago abu biyu: ana iya sauya lokutanta? Tana da matakan haske? Matsakaicin mataki ya ishi karatu, kuma batir ya fi daɗewa. Ni dai rawaya nake zaɓa; da damina ƙwari ba su cika dandazo a kanta kamar yadda suke yi wa fara ba.