Inji Mai Tari a Hanyar Sabon Birni da Isa

Mai zuwa Sabon Birni daga Sakkwato so yake hantsi ya same shi ya yi nisa, don babu direban da ke son la'asar ta riske shi tsakanin Goronyo da ƙasar Gobir. Shi ya sa na isa tasha da sassafe, cikin sanyin hunturu, daidai lokacin da ake tayar da motocin da suka kwana a fili. Wanda ya kasa kunne a irin wannan sa'a zai san lafiyar kowace mota kafin ya dubi fentinta. Wata Golf ana murɗa makulli ta kama, sautinta ya daidaita. Wata Sharon sai an yi ta jan kik har batir ya fara gajiya, in ta tashi kuma jikinta na rawa, salansa na fitar da warin ɗanyen mai. Wata kuwa sai yaran tasha sun tura. Dukansu za su yi lodi, su kama hanya ɗaya, a kuɗi ɗaya. Ra'ayin da na tafi da shi har Isa shi ne, ƙin tashi da misin, wato tarin inji, ba halin tsohuwar mota ba ne da ake haƙuri da shi. Kowanne yana da sanadi, ana kuma iya gano sanadin bi da bi, daga mai araha zuwa mai tsada, kuma a wannan hanya gano shi kafin a bar gari yana cikin abin da ke tsare rayukan fasinja.

Hanyar ce ta fara ba ni hujja. Bayan Achida muka wuce mararrabar Marnona, inda titin Gundumi ke yankewa zuwa Isa. A Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe wannan titi saboda 'yan bindiga, ta umarci matafiya su zagaya ta Goronyo da Sabon Birni, a watan kuma aka katse layin waya a ƙananan hukumomi da dama na gabashin jihar. Zagaye ƙarin tafiya ne, ƙarin zafi ga inji, ƙarin dajin da babu gareji. Gaban Goronyo akwai Kwanar Maharba, wurin da aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Yulin 2024, kuma bai dawo da rai ba, Allah ya jiƙansa. Da muka doshi wurin hira ta ɗauke a motar, direba ya ƙara taka totur. A nan ne misin ke nuna ainihin illarsa. Motar da silinda ɗaya cikin huɗu ke fashi ta rasa kwatan ƙarfinta tun kafin a lissafa nauyin buhuna da na mutane, kuma rashin yakan fi bayyana a sa'ar da aka danna totur da ƙarfi, domin a sannan matsi ke ƙaruwa a cikin silinda, tartsatsin kwayil mai rauni ya kasa tsallake bakin fulogi.

Injin da ya fi koyar da wannan darasi ba a ganinsa a tashoshinmu. Shi ne injin juyi wanda Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙira, kamfanin NSU ya fara gwada shi a 1957, daga baya Mazda ta Japan ta riƙe shi, tun daga Cosmo Sport a 1967, zuwa RX-7 a 1978, zuwa RX-8 da aka ƙera daga 2003 har 2012. Ba shi da fistin mai hawa da sauka, ba shi da bawul. Ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa cikin wani gida mai siffar ɓawon gyaɗa, kowane gefe nasa yana shaƙar mai da iska, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi a kewaye guda. A kan kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe da ke goga bangon gidan, shi ke riƙe matsi, wato aikin da ringi ke yi a injinmu. RX-8 tana da irin wannan majuyi biyu, kowanne da fulogi biyu, kowane fulogi da kwayil nasa. Fuloginta na kunnawa a kowane juyin inji, alhali na injin fistin sau ɗaya yake kunnawa a juyi biyu, ga shi kuma injin yana kaiwa juyi 9,000 a minti. Don haka kwayil da fulogi da waya suna gajiya da wuri. Abin lura shi ne yadda ɓarnar ke tafiya daki-daki: wuta ta yi rauni, mai ya ƙi ƙonewa, ɗanyen man ya wanke baƙin man da ke shafe bango, siraran ƙarafunan nan su ci, ragowar man ya gangara salansa ya narkar da indomi, wato matatar hayaƙi, indomin ya toshe ya mayar wa inji zafi. Kayan da ba su kai komai ba sun jawo sauke inji.

Wajen tashi ma injin juyi yana rarrabe cututtukan da mu muke haɗawa a kalma ɗaya. In an tayar da shi da sanyi aka kashe kafin ya ɗumama, man da kwamfuta ta zuba da yawa domin sanyi yakan jiƙa fulogi ya rage matsi, sai mota ta yi ta juyawa ba ta kamawa. Maganin farko shi ne a danne totur har ƙasa sannan a ja kik, domin a wannan hali kwamfutar na yanke mai, inji ya fitar da abin da ya sha. In bai yi ba a kwance fulogi a busar. Idan kuma batir ko kik ya yi rauni, injin ba ya juyawa da saurin da zai tara matsi, ko da lafiyarsa ƙalau. Amma motar da ke tashi da safe ba gardama, sai ta yi zafi an kashe ta ƙi tashi har ta huce, wannan ita ce ake zargin matsinta ya tafi. Uku ke nan: ɗaya kyauta ake gyara ta, ɗaya kuɗin batir ce, ɗaya kuɗin inji. Duk wanda ya kira su da suna ɗaya, ya yi musu magani ɗaya, zai biya kuɗin ta uku a kan cutar farko.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Bagobiri da motar da ko makanikensa bai taɓa buɗewa ba? Gaskiya ne, a duk tsawon hanyar ban ga RX-8 ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya kawo ta nan ba. Amma abin da inji ke bukata bai canza ba, ko mai juyi ne ko mai fistin: wuta, mai, iska da matsi, kowanne a kan lokacinsa. Bambancin kawai shi ne injin juyi ba ya jinkirta hukunci, namu kuwa yana da haƙuri, kuma haƙurin nan ne ke ruɗinmu. Golf za ta yi wata da watanni tana tari tana kai fasinja, direba ya ɗauka haka take, alhali a ciki fetur na sirka baƙin mai, ringi na ci, mai na tafiya a banza. A gefen titi a Goronyo, garin da madatsar ruwan Rima ta cika da albasa da shinkafa da motocin ɗaukarsu, ana ganin gyaran da aka saba: a goge fulogi da burushi, a ƙara totur don kada mota ta mutu a tsaye, a ɗaure waya da leda. Duk wannan rufe bakin alama ne. Tsarin da ya dace ba shi da wuya. A fara da batir da kawunansa da wayar da ke haɗa shi da bodi. A ciro fulogi a karanta shi: jiƙaƙƙe da fetur yana nuna wuta ba ta zuwa ko mai ya yi yawa, baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai na haurowa, fari fat yana nuna mai ya yi kaɗan ko iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. A motar da kowace silinda ke da kwayil nata, a musanya wanda ake zargi da na maƙwabciyarta, in misin ya bi shi an kama mai laifi ba tare da an sayi komai ba. Sai bayan haka a je ga filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke cikawa, da famfon mai da nozul. Awon matsi shi ne na ƙarshe, kuma babu dalilin buɗe inji kafin a yi shi.

A Sabon Birni na ga inda hujja ta biyu ta masu musu take da ƙarfi. Garin yana dab da iyakar Nijar, kusa da kufan Alƙalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808, kuma Maradi da Tsibiri 'yan uwa ne na jini da kasuwa. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, dokar da gwamnatin jiha ta kafa a 2021 ta hana sayar da shi a jarka, sannan aka cire tallafi a Mayun 2023. Kowane mataki ya ƙara tura direba hannun 'yan bumburutu, ga kwalabe da galan jere a bakin hanya. Direba zai ce, ranka ya daɗe, laifin mai ne, ba na mota ba. Sau da yawa gaskiyarsa ce. Man da ya kwana a jarka yana ɗaukar ruwa da ƙasa, kuma ko a manyan gidajen mai an sha wahala a Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol. Sai dai wannan hujja tawa take ƙarfafawa. In mai ne, alamarsa daban ce: tarin yakan fara jim kaɗan bayan an sha man, ya kama dukan silindoji ba ɗaya ba, kuma in an zuba kaɗan a farar kwalba aka bari ya kwanta, ruwan zai sauka ƙasa kowa ya gani. Wanda ya yi wannan gwaji ya huta da sayen fulogi da kwayil na banza. Wanda ya saba ɗora komai a kan mai ba tare da dubawa ba, ranar da kwayil ne zai wanke tanki sau biyu motar na nan yadda take.

Akwai kuma maganar kuɗi da ta kunne, su ma ba na raina su. Direban haya balas yake kaiwa kullum, ranar da mota ta kwana a gareji gidansa ne ke ji. Tsohon makanike kuwa, wanda ya tashi a kan Peugeot 504 da 505 na Kaduna, yana ɗora sukundireba a jikin inji ya kara kunne ya faɗi abin da ke ciki, kuma wannan ilimi ne na gaske. Amma 504 kafireta ce da distirbuta, komai nata a fili yake. Motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ke raba musu mai da wuta bisa abin da na'urorin ji suka gaya mata, kuma na'urar da ke lura da juyin inji, in ta lalace, takan kashe mota da zafi ta bar ta ta tashi da sanyi, tamkar dai ciwon matsi. Kunne ba ya raba waɗannan biyu. Ƙaramar na'urar karanta kwamfuta tana nuna ko misin na silinda ɗaya ne ko na gaba ɗaya, agogon awon matsi kuma yana nuna ko inji ne ya gaji. Ba lalle kowane direba ya mallake su ba. Ƙungiyar direbobi da ke karɓar kuɗi a kan kowace motar da ta yi lodi za ta iya ajiye su a tasha, ta kuma hana motar da sai an tura shiga layi. Canje-canjen kaya bisa zato, wanda ake ganin shi ne araha, shi ya fi cin kuɗi, don ana sayen abu uku kafin a dace da na huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga Sabon Birni muka yi kudu zuwa Isa. A wannan tsakani Gidan Bawa yake, inda a Disambar 2021 aka tare motar fasinja aka banka mata wuta, fiye da mutum 20 suka ƙone. Ba zan ce lafiyar inji ce za ta ceci waɗannan bayin Allah ba, faɗin haka cin zarafinsu ne. Tsaron hanya nauyin hukuma ne, kuma babu fulogin da ke tare harsashi. Abin da nake cewa ƙarami ne a kan wannan, amma yana hannunmu. Hanyar cike take da shingayen jami'an tsaro da ramukan da ke tilasta rage gudu, kuma a nan ne motar da ba ta riƙe silo ke mutuwa. Direbobi kan so tafiya a jere don ɗebe kewa da tsoro, wanda motarsa ta tsaya shi ake bari a baya da mata da yara a gefen daji. Kowace tsayuwar da ba a shirya ba tana cin hasken rana, wanda shi ne jarin matafiyi a nan.

A Isa, garin da kogin Bunsuru ke ratsa ƙasarsa, motoci na sauke mutane su ɗauki na Shinkafi ko su juya. Na lura direbobi da yawa ba sa kashe inji a wannan ɗan zama, duk da tsadar mai, kuma dalilin a bayyane yake: ba su da tabbacin zai sake tashi da zafinsa. Wannan ita ce alama ta ukun nan da masu injin juyi ke tsoro, kuma su ba sa jinkiri, awon matsi suke yi, kowane majuyi da awo uku, gefe-gefe, da injin a ɗumame. A motar fistin aikin ya fi sauƙi. A ɗumama inji, a ciro fulogai duka, a auna kowace silinda da totur a buɗe, a kwatanta. Wadda ta yi ƙasa a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake aunawa: in awon ya hau ringi ne, in bai motsa ba bawul ne ko gasket. In kuwa duka huɗun sun yi daidai, inji ba shi da laifi, sai a koma ga kik da zafi ke raunanawa, da nozul mai ɗiga bayan an kashe mota, da na'urar juyin inji. Aikin bai kai awa guda ba, kuma ana iya yinsa a Isa yayin da 'yan kamasho ke cika mota.