Ku Biyo Ni

A hutun watan Agusta muka kwashi yara da Baba sai Agadas, inda ya yi fataucin fata yana saurayi. Yanzu mantuwa ta kama shi, har sunayenmu yakan rikita.

A lungunan tsohon gari taswirar wayarmu ta ƙi aiki. Mu masu rubuta manhaja muka yi cirko-cirko, rana na dukanmu.

Baba ya ce, "Ku biyo ni."

Tiryan-tiryan ya kai mu gindin hasumiyar Babban Masallaci, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, wanda aka fara ginawa a 1515. Ya dafa bangon, ya yi wa marigayi ubangidansa addu'a.

Da magariba ya tambaye mu wane gari muke.