Ƙoƙo Ɗaya, Bakuna Da Yawa

A Ajantina da Yurugwai, baƙon da aka miƙa wa ƙoƙon mate ya yi gaggawar cewa "gracias", wato na gode, ya fitar da kansa daga zagayen bai sani ba. A wurinsu, godiya na nufin an ƙoshi.

Al'ummar Guarani ce ta fara shan wannan ganye. Akan zuba busasshensa har kusan kashi biyu bisa uku na ƙoƙon, a karkata shi gefe, a soka bututun ƙarfe mai rariya a gindi. Ruwan kada ya wuce digiri 70 zuwa 80, domin tafasasshe yana ɓata ɗanɗanon. Mutum ɗaya ke zubawa, ana kiransa cebador. Shi ke shanye zubin farko, mafi ɗaci, sannan ya ƙara ruwa ya miƙa wa na kusa. Kowa ya zuƙe nasa tas, ya mayar masa. Juya bututun kuwa rashin ladabi ne.

Da korona ta ɓulla a 2020, hukumomin lafiya suka ce kowa ya riƙe ƙoƙonsa. Aka wayi gari cebador na zuba wa kansa shi kaɗai.