Kwanon Baƙo a Zauren Kakana

A zauren kakana da ke Wushishi akwai wani kwano mai murfi da mu yara ba mu isa mu buɗe ba. Na baƙo ne. Kullum da magariba sai an zuba masa tuwo da miyar kifin kogin Kaduna, a ajiye kusa da buzun tsohon. In har aka yi isha'i ba wanda ya yi sallama, sai a miƙa wa almajirai.

Wata rana na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ɗan nan, ƙasar nan ta ga sarki ya wayi gari baƙo." Ya nuna hanyar Zungeru da carbinsa, inda Gwamna Lugga ya kafa mazauninsa a 1902. Daga nan fa labari ya ɓalle: Sarkin Zazzau Kwasau da aka tuɓe, ƙasarsa ta kira shi a Lokoja, Sarkin Kano Alu da aka kama a 1903, ya ƙare kwanansa can Lokojan a 1926, Sarkin Musulmi Attahiru da ya yi gabas da jama'a har Burmi, inda ya faɗi, sauran suka nausa Sudan suka kafa Mai Wurno. Shekarun ni na haɗa daga baya a littattafai. Shi dai muryarsa kawai nake tunawa, yadda takan yi ƙasa in ya zo kan Alu.

Sai da na girma, ina karatu a Zariya, na gane akwai al'ummar da ta gina tunaninta kacokan a kan wannan ciwo. Yahudawa suna kiransa galut. Tun da aka rushe musu Haikali, babban wurin ibadarsu, aka kwashe su zuwa Babila, shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa, malamansu ke juya tambaya guda: yaya mutum zai riƙe addini da mutunci a ƙasar da ba tasa ba? Attaura ta ɗora wajabcin kyautata wa baƙo a kan tuna baƙuncin da suka yi a Masar. Malaminsu Musa bin Maimun ya bar Ƙurɗuba yana yaro, ya zauna Fas, ya rasu a Masar a 1204, kuma yawancin falsafarsa da Larabci ya rubuta. Hannah Arendt, ita ma Bayahudiya, ta tsere daga Jamus a 1933, ta yi shekara 18 ba ta da ƙasa, ta fito da hujjar cewa wanda aka raba da ƙasarsa ba gida kaɗai ya rasa ba, ya rasa inda zai kai kuka a saurare shi. Ranar da na karanta wannan, wallahi kwanon nan na gani a gabana.

Bara na je gida. Zauren ya zube, an ja katangar bulo a wurin. A bakin kasuwa na tarar da mata da goyo, 'yan ƙauyukan Shiroro da 'yan bindiga suka tasa, suna tambayar inda za su kwana. Na shiga wajen gwaggona na ce, "Gwaggo, ina kwanon Malam?" Ta ce yana nan, tun azahar ta aika da shi, ba a dawo da shi ba tukuna.