Megabayit biyu da matashin Dayi

Kusan kowane fom na intanet, na tallafin karatu ne ko na neman aiki ko na rancen noma, yana da gurbin da ke cewa a ɗora hoto ko takardar shaida. A wurin mai tsara shafi, saka wannan gurbi aikin 'yan mintoci ne. A wurin matashin Dayi, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, sau da yawa a nan tafiya ke tsayawa.

Gurbin ya samo asali ne a 1995, lokacin da Larry Masinter da abokin aikinsa a kamfanin Xerox suka fitar da ƙa'idar aika fayil tare da fom. Harshen PHP, wanda aka gina ɗimbin shafuka da shi, yana zuwa da iyakoki biyu: megabayit 2 ga kowane fayil, megabayit 8 ga fom ɗin baki ɗaya. Hoton da wayar zamani ke ɗauka kuwa yakan zarce megabayit 2 cikin sauƙi.

Iyaka ta biyun ta fi cutarwa. Idan takardun suka haura megabayit 8, PHP yakan watsar da komai, har da suna da ranar haihuwa, sai fom ɗin ya dawo wa mai nema fayau, babu bayani. Shi kuwa ya saba da raunin sabis, don haka sabis zai zarga. Zai sake gwadawa har datarsa ta ƙare, sannan ya biya kuɗin mota zuwa shagon kwamfuta a Malumfashi, inda za a rage masa nauyin hoton da kuɗi, in ranar rufewa ba ta riga ta wuce ba.

Ita iyakar tana da hujja, domin rumbun ajiya kuɗi ne, kuma mugu kan ɓoye manhajar kutse da sunan hoto. Sakacin yana wajen barin mutum cikin duhu. Layuka kaɗan na JavaScript sun isa su rage hoton a cikin wayar tun kafin ya tashi, su kuma gargaɗi mai nema idan fayil ya yi nauyi. Rubuta iyakar da Hausa a gefen gurbin ma ba ya cin ko kwabo. Masu ba da kwangilar irin waɗannan shafuka ya kamata su sa a gwada su da ƙaramar waya a Dayi kafin su biya.