Kunne Muka Tura Kasuwa: Yadda Muka Zaɓi Lasifikar Yawon Biki

Wataƙila wasu daga cikin 'yan uwa masu karatu su ga kan wannan rubutu su ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan mujallar marubuta da zancen lasifika? To, sanin kowa ne cewa kaɗan ne daga cikinmu alƙalami yake ci da su. Wani malamin makaranta ne, wani tela, wani yana kasuwa. Mu kuwa abin da Allah Ya hore mana shi ne kiɗan DJ a gidajen biki da suna a cikin birnin Kano da kewaye, kuma da shi muke sayen takarda da biro. Da yake matasa da dama sukan tare mu bayan an tashi daga taro suna tambayar yadda za su shiga harkar, sai muka ga ya dace mu rubuta abin da muka sani game da abin da ya fi cin kuɗi a cikinta, wato lasifika.

Mu uku ne a wannan sana'a, uwa ɗaya uba ɗaya. Jarin da muka fara da shi kuwa adashi ne na shekara guda cur da mahaifiyarmu ta kwasa ta damƙa mana, haɗe da kuɗin babur ɗin babbanmu da aka sayar. Wanda zai kashe irin wannan kuɗi ba ya shiga kasuwa da ka. Kwamfuta muna da ita, miksa da makirfo ba su da tsada sosai, saura lasifika, wadda ita kaɗai za ta lashe fiye da rabin abin da ke hannunmu. Ga shi kuma sana'a ce da ba a cewa a dawo gobe a gyara, domin ba a kamun amarya sau biyu. Idan kaya suka ba ka kunya a gida ɗaya, kafin ka naɗe wayoyinka labari ya zaga unguwa.

Abu na farko da muka tsaya a kansa shi ne wace iri za mu saya, domin lasifika iri biyu ce. Akwai wadda muka taso muka gani, wato akwatin da ba ya magana sai an jona shi da amfilifaya daban. Akwai kuma mai amfilifaya a cikin cikinta, wadda da an ba ta wuta an jona mata waya daga miksa shi ke nan. Irin wannan ta biyu ta yaɗu ne a hannun masu yawon kiɗa tun daga 1995, lokacin da kamfanin JBL na Amurka ya fito da samfurin EON mai jikin roba. Kowace da ranarta. Ta farko tana da araha, kafinta ma yana iya haɗa akwatinta, kuma duk mai gyaran rediyo ya san cikinta. Amma sai ka san yadda za ka daidaita ƙarfin amfilifaya da na akwati, in ba haka ba ɗaya ya ƙona ɗaya. Ta biyu kuwa masu ƙera ta sun riga sun yi wannan lissafi, sun kuma sa mata abin da ke taka mata birki idan an matsa mata. Daɗin daɗawa, idan kana da guda biyu ɗaya ta mutu ana tsakiyar taro, ɗayar za ta ƙarasa da kai, alhali mai amfilifaya guda idan ta tsaya, biki ya yi tsit. Wannan dalili na ƙarshe shi ya rinjaye mu, duk da mun san kowace akwati sai an ja mata waya biyu, ta wuta da ta sauti.

Da muka shiga shagunan kayan wuta na Sabon Gari, maganar da ta fara tarbar mu ita ce ta wat. Kowane yaron shago da lambar da yake kira: «Oga, wannan wat 5,000 ce, waccan 10,000.» Sai ka duba ka ga akwati ce da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya. Wani dattijo mai gyaran kayan sauti, wanda mahaifinmu ya daɗe yana kai wa rediyo, shi ya warware mana wannan ƙulli. Ya ce, «Samari, kwali ba ya kiɗa. Duk lambar da kuka ga an rubuta PMPO a gefenta, ku ɗauke kai. Ku nemi wadda aka rubuta RMS, ita ce abin da akwati ke iya ɗauka tana aiki ba hutawa.»

Bayan haka muka bi takardun kamfanoni muka gano cewa ko wat ɗin gaskiya ma ba shi ne ma'aunin ƙara ba. Wat yana faɗin wutar da amfilifaya ke turawa ne, ƙarar da ke fitowa kuwa da desibel ake auna ta. Idan ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, abin da kunne zai ji ya ɗan motsa. Kafin mai sauraro ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato an ninka wat sau goma. Alal misali, QSC K12.2 an rubuta mata wat 2,000 da desibel 132, Yamaha DBR12 kuma wat 1,000 da desibel 131. Wat ya ninka, amma bambancin ƙara desibel 1 ne tak. Ashe mai sayen lasifika don yawan wat cinikin biri yake yi a sama.

To, in ba wat ba, me za a duba? A nan ne muka zauna muka tambayi kanmu abin da ake biyan mu mu yi a gidan biki. Mai karatu ya tuna yadda bikin Bahaushe yake. Tun zamanin da kalangun Mamman Shata da ƙwaryar Barmani Choge ke cika fili, abin da ke sa mutum ya miƙe ya yi liƙi shi ne ya ji an ambaci sunansa da na iyayensa. Yau ma ba ta sake zane ba. Amarya takan biya mawaƙi ya yi mata waƙa ta musamman, a jero sunanta da na ango da na gwaggo da inna da ƙawaye. Mai gabatarwa zai kira uwar amarya ta fito fili, malam zai yi addu'a, kakar ango za ta yi nasiha da muryar da ba ta fi ta sauro ba. Duk wannan magana ce, kuma a ji ta ake so. Baƙaƙen da ke rarrabe kalmomi, irin su sa da fa da tsa da ƙa, a siririn sashen sauti suke zaune, wanda ƙaramin ƙahon da ke saman akwati ke fitarwa. Lasifikar da ta iya rugugi kaɗai sai ta haɗiye su, Safiya ta koma Sadiya, kaya su koma ƙaya. Mun taɓa tsayawa a bayan fili a wani biki da ba mu muke kiɗa ba, muka ga wata Hajiya da aka kira sau uku tana zaune ba ta ji ba, ga ƙasa tana girgiza saboda ganga. Daga baya ta ce an wulaƙanta ta, ba a kira ta ba.

Saboda haka ranar da muka koma kasuwa, kunne muka tura gaba. Muka tafi da makirfo ɗinmu da waƙoƙi uku da muka haddace ciki da waje, ɗaya ta kalangu, ɗaya ta zamani mai nauyin ganga, ɗaya kuma muryar mace zalla. Muka roƙi mai shago a fito da akwatin waje, domin cikin shago bango yana taimakon kowace lasifika, mu kuwa yawancin aikinmu a ƙofar gida ne ƙarƙashin rumfa. Ɗayanmu ya riƙe makirfo yana kiran sunaye, ɗaya ya yi taku ashirin ya juya baya, yana maimaita abin da ya ji. Sannan muka ƙara murya a hankali har fitilar gargaɗi ta fara ƙiftawa, don mu ji ko sautin zai tsaya da kyansa ko zai fara tsagewa. Muka bar ta tana aiki kusan rabin awa, muka taɓa bayanta mu ji zafi. Wasu masu shago suka gaji da mu, wasu suka yi haƙuri. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a cikin akwatuna bakwai da muka saurara, biyu ne suka tsallake.

Sai batun girma. Ana kiran lasifika da faɗin babban bakinta, inci 10 ko 12 ko 15. Idon mai biki yana son ya ga ƙatuwa, amma bayan da zai ɗauke ta namu ne. Ba mu da mota, a-daidaita-sahu muke ɗauka, kuma akwai lungunan cikin birni da ko shi ba ya shiga, sai a sauke a bakin titi a ɗora a ka. Mai inci 12 ta roba takan yi kilo 15 zuwa 20, mutum ɗaya yana iya ɗaga ta ya ɗora a kan sanda, biyu kuma suna shiga bayan a-daidaita-sahu tare da miksa da wayoyi. Ta katako ta fi daɗin amo a kunnen wasu, amma ta fi nauyi, kuma ba ta son damina. Mun ga inci 12 ta fi fitar da murya tas fiye da yawancin masu inci 15 da muka gwada, sai muka tsaya a kanta, guda biyu.

Ɗorawa a kan sanda da muka ambata ba ado ba ne. Jikin mutane da tufafinsu suna shanye siririn sauti, don haka akwatin da aka ajiye a ƙasa sahun gaba kaɗai yake yi wa magana. A fili kuma duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara tana raguwa da desibel 6. Wanda ke mita 16 daga akwati ya yi asarar desibel 24 a kan wanda ke mita 1. Maganin wannan shi ne a ɗaga ƙahon ya wuce kan mutane, a raba akwatunan biyu dama da hagu, a karkata su su kalli tsakiyar taro. Mai murɗa ƙara don na baya su ji, na gaba yake azabtarwa.

Game da rugugin ganga da 'yan mata ke so a filin rawa, wannan aikin wata akwati ce daban mai inci 18 da ake ajiyewa a ƙasa, masu sana'a suna ce mata sab. Ba mu saye ta da farko ba. Idan aka kira mu babban ɗakin taro sai mu yi hayarta mu sa a cikin kuɗin aiki, har Allah Ya kawo lokacin da sana'ar ta sayi tata da kanta. Daidai ruwa daidai tsaki.

Wuta kuwa ita ce babbar jarrabawar lasifika mai amfilifaya a ƙasar nan. An ƙera ta ne ta sha bolt 230 ko kusa da haka, tamu wutar kuma takan zo ƙasa, takan zo sama, takan ɗauke ana tsakiyar addu'a. Ƙaramin janareta ma idan aka haɗa shi da firji da fitilun rumfa sai ya riƙa hawa yana sauka, kuma wannan ne ke kashe irin waɗannan akwatuna fiye da tsufa. Don haka muka ware kuɗin na'urar daidaita wuta tun kafin mu taya lasifika, muka kuma sa wa kanmu doka cewa kayanmu ba sa raba janareta da kowa. A bayan kowace akwati, kusa da inda ake soka wayar wuta, an rubuta abin da take sha, kuma da wannan ake lissafin janareta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wasu abokan sana'a suka karkata ga masu batir. Suna da amfani ga walima ko taron suna na cikin gida, amma ba su kai su riƙe filin rawa na awa huɗu ba. Kada kuma a manta da rana da ƙura. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, akwatin da aka bari a rana sai ta rage murya da kanta ko ta ɗauke don ta tsira. Inuwa muke fara nema mata kafin mu nema wa kanmu, da hunturu kuma kullum sai an kakkaɓe ta an rufe.

Kafin mu biya kuɗi sai da muka koma wurin dattijon nan muka tambaye shi, «Baba, idan wannan ta lalace, akwai kayanta a gari?» Da ya ce akwai, sannan muka ƙirga. Jabu ya yi yawa, har da masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, saboda haka muka duba lambar jikin akwati ta dace da ta kwali, muka karɓi rasit. Duk wadda aka yi maka tayinta a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka san ta da shi, ka tuna araha ba ta ado.

Akwai wani haƙƙi da ba a rubuta shi a kwali, kuma ba za mu rufe ba sai mun faɗe shi. A gidan biki, tsofaffi da masu goyo su ake ba kujerun gaba, wato su ne a bakin lasifika. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa kada matsakaicin ƙara a wuraren kiɗa ya wuce desibel 100, akwatunan da muke magana a kansu kuwa suna iya wuce haka nesa ba kusa ba. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ga maƙwabci mara lafiya, ga ɗalibi mai jarrabawa, ga masallacin unguwa. Gwano ba ya jin warin jikinsa, DJ ma yana bayan akwati, bai san abin da na gabanta ke sha ba. Shi ya sa a kowane taro ɗayanmu yakan zaga ya zauna inda tsofaffi suke, in bai iya jin maganar na kusa da shi ba, sai ya ɗaga hannu a rage. Da an kira salla kuma sai mu kashe. Lasifikar da ke fitar da magana tas ba ta bukatar a ƙure ta, don haka zaɓen kirki tun a kasuwa yake fara kare kunnen jama'a.

Akwatunan nan biyu suna nan suna aiki, an mayar wa mahaifiyarmu kuɗin adashinta, babbanmu kuma ya sake sayen babur. Shawararmu ga ƙannenmu masu niyyar shiga wannan sana'a ita ce su je kasuwa da makirfo da waƙar da suka sani, su san hanyar da kayan za su bi da wutar da za su sha, su kuma sayi abin da kakar ango za ta yi magana a cikinsa na bayan fili ya ce amin. Allah Ya sa albarka a sana'ar kowa, Ya ba mu ikon kiyaye haƙƙin maƙwabta, amin.